Igiyar Taru a Ƙafar Inna

Aikina na farko a duniya rubutu ne a kotun alƙali a Argungu. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk takardar da ta fi ƙarfinmu sai a naɗe ta a aika Sakkwato, a dawo a zauna jira. Ni ɗan Birnin Kebbi ne, saurayi sabon aski, biro biyu a aljihun gaba, ina tafiya ina jin kamar ni na haifi doka. Aikina shi ne in zauna ƙasa da alƙali kaɗan, in rubuta abin da mai ƙara ya ce, in rubuta abin da wanda ake ƙara ya ce, in ja bakina in yi shiru. Wannan na ƙarshen shi na fi ƙwarewa a kai.

Da na sauka garin ban san kowa ba. Wani abokin mahaifina ya haɗa ni da wani magidanci manomin shinkafa da albasa, ya sauke ni a shagon da ke jikin zauren gidansa. Tsakanina da Allah, mutumin nan ya riƙe ni riƙon ɗan'uwa. Akushin tuwon shinkafa da miyar kifi bai taɓa fashi ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya goya ni a kekensa har asibiti, ya tsaya a rana sai da aka yi mini allura. Ina so a riƙe wannan, domin ba labarin mugun mutum zan bayar ba, kuma shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

Mahaifiyarsa tana gidan, kowa Inna yake ce mata. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa, ita kuma duk ƙuruciyarta a bakin banda ta ƙare tana gasa kifi, har idanun suka tafi. Lokacin da na zo, kullum tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar tsakar gida, tana gane mutane da takunsu. Da na taka zaure sai in ji ta ce, "Mijina ne wanga? Takun nan naka na gwamnati ba ya ɓoyuwa." In ce, "Ni ne, amarya, me aka ajiye mini?" Sai ta laluba bakin zanenta ta kwanto ɗan busasshen kifi ta miƙo, tana faɗan wai na cika kwaɗayi, wai sakinta zan yi ranar da kifin ya ƙare.

Maigidan nawa shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko da wasa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". In ya shigo gida ta ji muryarsa, sai ta juyar da fuska gefe, makauniyar da ba ta ganin kowa. In tana son goro, matarsa za ta ce wa, "Ki hwaɗa ma wancan goro ya ƙare," alhali yana tsaye a kanta. Mu a wurinmu wannan ba abin tambaya ba ne, kakata ma haka ta yi da babana har ta koma ga Allah.

Sai gigin tsufa ya fara taɓa ta. Wata rana da hantsi ta tattara kara ta kunna a gindin zana, wai za ta yi banda, sai da maƙwabta suka yi ta ɗaukin ruwa. Wata rana kuma aka neme ta aka rasa, can aka tsince ta a bakin gulbi, ruwa har gwiwa, wai jirgin mijinta take jira. Daga wannan rana tabarmar bakin ƙofa ta ɓace. Na tambaya, aka ce tana ciki tana hutawa, ni kuma na ce Allah ya ba ta lafiya na wuce.

Da kaka ta yi aka fara yankan shinkafa, gidan kan tashi kakaf tun da sassafe a tafi fadama, har matarsa, domin ita ke dafa wa masu yanka abinci a can. Ba a dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Ni kuma ana tashi daga kotu bayan azahar nake dawowa, in tarar da gida tsit. Ran nan ina buɗe shagona sai na ji wata 'yar murya daga lungun da ke bayan gidan. Akwai wani ɗan ɗaki da ake zuba albasa da tarkacen kamun kifin marigayi, yana da 'yar taga da ba ta fi faɗin ƙwarya ba, tana kallon lungun. Na jawo wani tsohon turmi na taka na leƙa.

Zafi da warin albasa da na fitsari suka fara dukan fuskata. Da idona ya saba da duhun sai na gan ta zaune a ƙasa. An kafa turke a tsakar ɗakin, irin na akuya, an ɗaure idon sawunta na hagu da igiyar tsohon tarun mijinta. An ajiye mata kwanon ruwa da na fura, amma wajen lalube ta kifar da na ruwan, ƙasa ta shanye. Ƙofar kuma an datse ta da kwaɗo daga waje.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Mijina, ba ni ruwa."

Na ruga na ɗebo ruwa a gwangwanin madara, na ɗaura shi a bakin sanda na zura ta tagar. Ta shanye, na ƙaro, ta shanye. Na ce, "Inna, wa ya ɗaure ki haka?" Ta goge baki da bayan hannu ta ce, "Igiya ta ɗaure ni."

To, me kuke tsammani na yi? Ni da littafin dokar laifuffuka ke kan teburina kullum, da sashen da ya hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, na san shafin da yake ko ido rufe? Ni da a wannan watan na rubuta shari'ar wani da ya ɗaure jakin maƙwabcinsa ya hana shi ruwa, alƙali ya hukunta shi ina gyaɗa kai? Ba abin da na yi. Na mayar da turmin nan wurin zamana na bayan azahar. Kullum in zura ruwa, wani lokaci da ƙosai a takarda, in tsaya mu ɗan taɓa hira, in sauko ina jin daɗin kaina, ni a dole mutumin kirki. Na ce wa zuciyata maganar cikin gida ce. Na ce baƙon da ke cin tuwon mutum ba ya buɗe masa ɗaki. Na ce ai da an gama yanka za a kwance ta.

Sau ɗaya na gwada. Muna cin abinci da maigidan a zaure bayan magariba, na ce, "Af, Inna dai..." Bai ɗago ba ya ce, "Sai addu'a, Malam," ya turo mini kan kifin gabana. Na ɗauka na cinye. Wallahi har yau in na tuna kan kifin nan sai kunya ta rufe ni.

Wadda ta fi ni zuciya ƙanwarsa ce, 'yar autar Inna, da ke aure a Birnin Kebbi. Ta zo ganin uwarta ba tare da ta aiko ba, tsakar rana, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta fasa shi da taɓarya. Da yayan ya dawo ta ce za ta tafi da Inna gidanta, ya ce sai dai bayan ransa, uwarsa ba za ta ci tuwon suruki ba yana numfashi, mutanen gari su ce ya kasa. Ta je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri. Ta je wurin kawunsu, ya ce mace ba ta raba ɗa da uwarsa. Washegari sai ga ta a kotu, mayafi a karkace, ido jawur. Ni ne mai karɓar ƙara. Tana cikin bayani ta tsaya ta ƙura mini ido ta ce, "Kai ba kai ne baƙon zauren gidanmu ba?" Na ce, "Ci gaba da bayaninki, Hajiya," na sunkuyar da kai ina rubutu.

Alƙalinmu dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya saurare ta har ta gama, ya ce tunda tsohuwar ba ta iya zuwa, kotu za ta tafi wurinta gobe da safe. Amma ƙa'idar aiki ita ce sai an ba wanda ake ƙara sammaci tun yau. Ni na rubuta sammacin da hannuna, masinja ya kai. Da na koma gida da la'asar na ji ana ta ɗiban ruwa a tsakar gida, na ji sautin tsintsiya a ɗakin albasa, sannan na ji ƙanshin lalle. Ba biki, ba salla, ana kwaɓa lalle a gidan da ake tsakiyar yankan shinkafa. Na gane, na shige shagona na rufo ƙofa.

Da safe muka zo: alƙali, da mataimakinsa, da masinja ɗauke da kujera, da ni rungume da littafin kotu, kamar ba daga gidan na fita ba. Mai unguwa ya zo, maƙwabta sun cika zaure. Aka fito da Inna aka zaunar da ita a sabuwar tabarma, an yi mata wanka, an yafa mata farin mayafi, zanen an ja shi har ƙasa. Ƙafafunta jawur da lalle, an kai shi har saman idon sawu, inda ba a saba kai wa tsohuwa ba. An buɗe ɗakin albasa, tas, albasa shimfiɗe daga bango zuwa bango.

Alƙali ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, an ce mana ana ɗaure ki a gidan nan. Gaskiya ne?"

Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, wa za shi ɗaure ni? Ni akuya ce?"

Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a huta. Alƙali ya ce, "Ɗanki yana kula da ke?" Sai ta juyar da fuska gefe. Mai unguwa ya matso ya ce, "Ɗan hwari ne, Malam, ba ta maganarsa." Alƙali ya gyaɗa kai, ya sake lale ya ce, "To mutanen gidan nan fa?" Ta ce, "Ina ci, ina sha, lahiya lau nike."

'Yar autar ta fashe da kuka. "Inna, ki hwaɗi gaskiya! Da idona na gani!"

"Ke rufa man baki, marar kunya," in ji Inna. "Kin kwaso mutane kin kawo ma ɗan'uwanki."

Alƙali ba zai ɗaga zanen tsohuwa ba a kan maganar mutum ɗaya da ita tsohuwar ta ƙaryata a gaban jama'a. Ya juya ga zaure ya ce ko akwai wanda ya ga wani abu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mutanen nan duk ta lungun nan suke bi zuwa masallaci, babu wanda bai taɓa jin muryarta ba. Ya tambaya sau uku, sannan ya ce da ni, "Rubuta, mai ƙara ba ta kawo shaida ba."

Na ɗora biro a takarda. Daga inda nake zaune ƙafarta ta hagu na kusa da gwiwata. Sai na ga ƙuda ya sauka a idon sawun, inda lallen ya fi duhu. Ta motsa ƙafar ya tashi, ya dawo daidai wurin, wani ya biyo shi. Ƙafar dama kuwa ko ɗaya bai kula ta ba. Na san gobe za a koma fadama, akwai sauran yanka, bayansa ga sussuka, bayanta ga dashen albasa. Na san kuma in na rubuta layin nan, babu mai sake buɗe ɗakin nan sai ranar da za a fito da ita a makara.

Na ji bakina ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni na gani."

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mai rubutu ba ya shaida. Ko ka zauna ka rubuta, ko ka aje littafin ka tashi tsaye." Na miƙa wa mataimakinsa littafin na tashi. Na faɗi turke, na faɗi igiyar taru, na faɗi kwaɗo da gwangwanin madara. Ban dubi inda maigidana yake ba.

Alƙali ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun fara yankan shinkafa."

"Kullum kuma kana zuwa ka zauna a gabana."

"E, Malam."

Ya kawar da idonsa daga kaina, kuma da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kira wata tsohuwar ungozoma a maƙwabta, ta shiga da Inna ɗaki. Da ta fito ta ce, "Akwai ciwo, Malam, igiya ta ci nama." Ni kuma na shiga ɗakin albasa na ture albasar tsakiya da ƙafa, ga ramin turken nan an cike shi da ɗanyar ƙasa.

Sai a lokacin maigidana ya yi magana. Bai musa ba. Ya ce, "Malam, ni na ɗaure ta. Da hannuna na tsamo ta daga gulbi. In na zauna gida tsaronta, tsuntsu shi cinye shinkafa, mi za ta ci? In na bar ta sake, in dawo in iske toka ko gawa. Ku hwaɗa man yadda za ni yi." Hawaye na bin gemunsa. Alƙali ya ce, "Ƙanwarka ta hwaɗa maka yadda za ka yi, ka ƙi don kada a yi da kai a gari." Ya ce masa abin da ya yi laifi ne da doka ta tanadar wa ɗauri, kuma kasancewarta uwarsa bai rage komai ba, sai ma ƙarawa.

Inna na jin kalmar ɗauri ta ɗago. A karo na farko tun da na san ta, ta juyo da fuskarta sosai wajen da muryar ɗanta take. Ta ce, "In kunka kai shi gidan yari, ku haɗa da ni."

Alƙali ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya yanke: ba zai ɗaure shi ba, amma an rubuta gargaɗi a littafi. Inna za ta koma Birnin Kebbi wurin 'yarta a ranar, a fara kai ta asibiti a wanke ciwon. Shi kuma duk kaka zai aika da shinkafar da za ta ci daga gonarsa. Ya ce, "Tuwonka za ta ci, ba na suruki ba. Wurin dahuwa kawai anka sauya." Na ga kafaɗun mutumin sun ɗan sauka. Na yi shekaru a kotu bayan wannan, ban ga hukuncin da ya fi wannan sanin mutanen da ake yi wa shi ba.

Da magariba ina zaune a shagona ina haɗa kayana, sai ga akushi an aiko kamar kullum. Ban iya buɗe shi ba. Da gari ya waye na ɗora akwatina a kai na nemi wani masauki a can ƙarshen gari. Mun ci gaba da haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, mu gaisa sama-sama, har aka sauya mini wurin aiki.

Bayan 'yan watanni na je gida hutu, na nemi gidan 'yar autar. Na sami Inna a inuwa a tsakar gida, ta yi ƙiba, ciwon ya warke ya bar baƙin zobe. 'Yar ta yi dabara: takan sayo busasshen kifi a kwando ta zube mata a faifai, Inna ta wuni tana ware tarwaɗa daga ƙarfasa da yatsunta, tana zagin wanda ya yi bandar wai bai iya ba. Tunda hannunta ya sami aiki, in ji 'yar, ba ta sake neman ashana ko hanyar gulbi ba.

Na yi sallama na durƙusa na ce, "Amarya, mijinki ne ya zo."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Ta ce, "Malamin kotu ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Littahin naka na nan?"

"Yana Argungu."

"To in ka koma ka rubuta, ni ban kai ƙarar kowa ba."

Na ce zan rubuta. Ta ci gaba da ware kifinta, ni kuma ina durƙushe ban san ta inda zan tashi ba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wancan, albasa tai ta yi kyau bana?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To." Ba ta kwanto mini kifi ba, ga shi kuwa faifai guda a gabanta. Da na koma aiki na buɗe shafin na rubuta maganarta a gefe, ko da yake ƙa'ida ba ta ce a yi ba.

Na daɗe ina juya wannan abu. Duk aikinmu a kotu a kan mai ƙara aka gina shi: sai mutum ya zo ya ce an cuce ni, ya faɗi sunan wanda ya cuce shi. A iya sanina, a zamaninmu babu wata doka ta musamman don tsofaffi ko naƙasassu, amma ko da wadda muke da ita ta ishe mu kwance igiyar nan tun ranar farko. Abin da babu shi ne mai faɗa. Wanda ke cutar da tsoho galibi shi ne wanda ke ba shi abinci, shi ne kuma wanda tsohon ya fi so a duniya. In ana jiran bakin tsohon, ba za a ji ba. Sai dai maƙwabci, ko ungozoma, ko baƙon zaure, kuma shi ma sai ya yarda a daina kiransa miji a koma ce masa malamin kotu.

Yanzu ni ne tsohon. Ido ya fara hazo, ƙafa ba ta da tabbas, ina zaune a gidan babban ɗana a Birnin Kebbi. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Ya ɓoye makullin babur ɗina, na yi faɗa na haƙura. Kwanan baya na nufi ƙofa zan tafi kasuwa ni kaɗai, yana sauri zai fita aiki, ya damƙi damtsena ya mayar da ni ciki da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya ja ƙyauren ya sa sakata ta waje har matarsa ta dawo daga unguwa. Damtsen ya yi shati. Bayan kwana biyu aka kai ni awon jini, likitar, yarinya ce sa'ar jikata, ta naɗe mini hannun riga ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Baba, me ya same ka a nan?"

Ɗana yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da katina. Na ce, "Ƙyaure ne ya buge ni, 'yata."

Ta ɗauki biro ta rubuta abin da na faɗa, ina kallon hannunta har ta kai ƙarshen layin.